Edward Woodward, Baturen da ya riƙe kanti a fim ɗin Mister Johnson

Duk wanda ya tambayi matasanmu na Wuse wane ne "Equalizer", Denzel Washington za su ce masa. To, kafin Denzel ya gaji sunan a 2014, wani ɗan wasan Ingila ne ya riƙe shi a talabijin ɗin Amurka daga 1985 zuwa 1989. Sunansa Edward Woodward, kuma ya taɓa zuwa ƙasarmu aiki.

An haife shi a Croydon, kudancin Landan, a 1930. Yana ɗan shekara 16 ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA, daga nan ya yi shekaru yana yawon dandali gari-gari kafin a san shi. Shirin Callan, inda ya fito ɗan leƙen asiri daga 1967, shi ya ɗaga shi. Sai The Wicker Man a 1973, sai Breaker Morant a 1980, wanda Bruce Beresford ɗan Ostireliya ya ba da umarni.

Beresford ɗin nan ne ya kawo shi Arewa, ƙasar Toro kusa da Jos, don ɗaukar Mister Johnson, wanda ya fito a 1990. Labarin daga littafin Joyce Cary ne na 1939, Baturen da ya yi aikin mulki a Borgu. Johnson akawu ne ɗan Kudu da aiki ya kai shi wani gari, Fada. Ba shi da kowa a nan, sai ƙaunar Ingilar da bai taɓa gani ba. Mu da muke zaman baƙunta mun san irin wannan kaɗaici.

Woodward ya fito a matsayin Gollup, tsohon soja mai kanti. Mashayi ne, bakinsa ba linzami. Yau ya zagi Johnson ya naushe shi, gobe ya zauna sha tare da shi kamar abokai. Ku lura, mutumin da ya karɓi kyautar Golden Globe a 1987 a matsayin jarumi mai ceton jama'a, shi ne ya yarda ya sa wannan mummunar riga, bai kuma yi ƙoƙarin wanke ta ba. Littattafan tarihi sun cika da Razdan da Joji da Di'o, amma ƙaramin Baturen kanti, wanda talaka ya fi haɗuwa da shi, ba kasafai ake nuna shi ba. A ganina nan ne fim ɗin ya fi faɗin gaskiya. Mutanen garin kuwa, yawancinsu ado kawai aka yi da su. Dama Chinua Achebe ya daɗe da ƙorafi kan littafin.

A ƙarshe Johnson ya kashe Gollup garin sata, shi ma aka harbe shi. Maynard Eziashi, wanda ya fito Johnson, ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a Berlin a 1991. Hubert Ogunde ma yana ciki, ya rasu a 1990. Woodward ya ci gaba da wasa har 2009, shekarar da ya fito a EastEnders, kuma ya rasu a watan Nuwamba yana da shekara 79.