Tarihin Maganin Tsutsar Ciki a Unguwar Shanu

Tsutsar ciki ba iri ɗaya ba ce, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin haka. Akwai macijin ciki, mai kama da tana, wanda yakan fito a bayan gida, wani lokaci ma ta baki. Akwai tsila, doguwa mai gaɓa-gaɓa, wadda ake kamuwa da ita ta naman da bai dahu ba. Wadda ta fi ɓarna kuwa ido bai cika ganinta ba: 'yar ƙarama ce mai lanƙwasasshen kai kamar ƙugiya, tsawonta bai wuce santimita ɗaya ba sosai. Tana huda fatar ƙafar wanda ya taka ƙasa mai danshi ba takalmi, ta bi jini zuwa huhu, daga can ta gangara hanji ta maƙale tana shan jini. Sai a ga yaro ya ɗashe, ga kasala, ga rashin girma, iyaye suna ta neman dalili.

Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, mutane suka yi ta kwararowa daga Zariya da Kano da Katsina, kowa da saninsa na itatuwa. A unguwannin arewacin kogin Kaduna irin su Unguwar Shanu, maƙwabciyar Abakpa, abin da aka fara dogara da shi ke nan. Ana jiƙa ɓawon maɗaci ko na marke a sha da sassafe kafin a karya, ana tafasa shuwaka, ana daka 'ya'yan gwanda ko na kabewa a dama wa yaro. Daga baya ganyen darbejiya ya shigo sahu, bayan an kawo itacen ƙasar nan a zamanin Turawa. Ma'aunin mai magani shi ne ɗaci da wankin ciki: in ciki ya ɗaure ya sake, aka ga tsutsa da ido, magani ya ci. Mahauta da makiyaya sun fi kowa sanin lamarin, domin kullum suna ganin tsutsa a hanjin dabbar da aka feɗe. Wani likita, J. M. Dalziel, ya tattara da yawa daga cikin wannan sani a littafinsa na itatuwan Afirka ta Yamma na 1937. Wasu daga cikin itatuwan suna da tasiri na gaske, amma ba su da ma'auni, kuma mai shan jinin nan ba ta fitowa a ga ta, don haka ba a san ko ta mutu ba.

Maganin asibiti na farko bai fi na gargajiya sauƙi ba. Angelo Dubini ne ya fara gano tsutsar mai shan jini a Italiya a 1838, amma sai da ta addabi ma'aikatan haƙa hanyar jirgin ƙasa a ƙarƙashin dutsen Gotthard a wajajen 1880 aka dage neman magani, aka samo timol. A 1898 Arthur Looss ya tabbatar a Alƙahira cewa ta fata take shiga. Shan timol wahala ce: mara lafiya zai kwana da yunwa, a ba shi gishiri mai sa zawo kafin da bayan maganin, a hana shi cin mai, domin mai yana sa jiki ya tsotse timol ɗin ya zama guba. Da shi hukumar Rockefeller ta yi yaƙi da cutar a kudancin ƙasar Amurka daga 1909. A 1921 Maurice Hall ya nuna cewa kabon tetrakolorayid, ruwan da ake kashe gobara da shi a lokacin, yana kashe tsutsar. Yana da arha, asibitocin ƙasashen da Ingila ke mulka suka karɓe shi, sai dai yana lalata hanta.

Sauƙi ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Fifarazin, wanda aka sani da Antepar, ya bazu a shekarun 1950 don macijin ciki. Sai Ketrax da Combantrin, sunayen da dattawan Kaduna suke tunawa daga kantunan magani. Mebendazol ya fito a farkon shekarun 1970, albendazol kuma aka amince a bai wa ɗan Adam a 1982 da sunan Zentel. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 400, a tauna a haɗiye, ba yunwa ba zawo.

Wannan arha da aminci su suka sauya tsarin gaba ɗaya. A 2001 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince a riƙa bai wa aƙalla kashi 75 cikin 100 na yara 'yan makaranta magani a kai a kai a wuraren da cutar ta yi yawa, ba tare da gwada kowane yaro ba. Kamfanonin GlaxoSmithKline da Johnson & Johnson suna bayar da ƙwayoyin kyauta. A Jihar Kaduna ma'aikatar lafiya tana wannan aiki da ƙungiyoyi irin su Sightsavers, wadda ofishinta na Najeriya ke cikin garin. Malamai su jera ɗalibai, a ba kowa ƙwayarsa. Inda ake haɗawa da maganin tsargiya, akan jingina yaro da sandar awo, tsawonsa ya nuna yawan ƙwayoyin da zai sha.

Ƙwayar ba ta hana sake kamuwa. A unguwa mai cunkoso, inda damina takan kai wata shida, kwata ta cika, salga ta yi ambaliya, yaron da aka wanke wa ciki yakan sake ɗauka cikin 'yan watanni, shi ya sa ake maimaita rabon sau ɗaya ko biyu a shekara. Akwai kuma abin damuwa daga ɓangaren dabbobi: albendazol ɗin da ake ɗura wa shanu da tumaki ya fara gazawa a ƙasashe da dama saboda yawan amfani da shi, kuma masu bincike suna sa ido kada tsutsar mutane ta bi wannan hanya.