Balaraba Ramat Yakubu: Rayuwarta, littattafanta da fina-finanta

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu marubuciya ce kuma mai shirya fina-finai daga birnin Kano. Tana cikin matan farko da suka buga ƙagaggun labarai da Hausa, kuma littafinta "Alhaki Kuykuyo Ne" shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da wata Bahaushiya ta rubuta aka fassara shi gaba ɗaya zuwa Turanci.

Haihuwa da tasowa

An haife ta a Kano a shekarar 1959. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda ya shugabanci Najeriya daga watan Yulin 1975 zuwa ranar 13 ga Fabrairun 1976 da aka kashe shi a Legas.

Duk da fitowarta daga gidan da ya yi suna, karatun bokonta bai yi nisa ba. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13, auren kuma bai ɗore ba. Daga baya ta koma neman ilimi ta hanyar azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a Kano. Wannan tarihi ne ya sa ta riƙe Hausa a matsayin harshen rubutunta, shi ne kuma ya ba ta jigon da ta fi komawa kansa: halin da mace ke shiga idan an raba ta da ilimi tun tana ƙarama.

Littattafanta

Ta fito a lokacin da rubutun Hausa ke sauya salo. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga "So Aljannar Duniya" na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wadda daga baya ta zauna a Gusau ta Jihar Zamfara. Bayan haka tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa dillalai a kasuwa. Wannan ne manazarta suka kira Adabin Kasuwar Kano. Balaraba tana cikin 'yan ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa.

Littafinta na farko, "Budurwar Zuciya", ya fito a 1987. Labarin wani alhaji ne mai auri-saki, wanda ba ya ganin budurwa ya kau da kai. A 1990 ta fitar da "Wa Zai Auri Jahila?", labarin Abu, yarinyar da mahaifinta ya cire daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawarinsa ya ƙi ta saboda rashin ilimi, sannan aka aurar da ita ga tsoho, Sarkin Noma. Abu ta gudu birni, ta yi karatu, ta tsaya da ƙafarta.

"Alhaki Kuykuyo Ne" ma a 1990 ya fito. Ya bi rayuwar Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai hali, yake ƙuntata wa a ci da sutura. Da ya auro Delu, sai ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe gidanta, shi kuwa dukiyarsa ta salwanta. Ƙarfin littafin yana cikin lissafin da yake yi dalla-dalla: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, kayan ɗakin amarya, da yadda nauyinsu ke faɗawa kan mace idan namiji ya zame. Sauran littattafanta sun haɗa da "Ina Sonsa Haka" da "Badariyya" da "Matar Uba Jaraba".

A 2012 kamfanin Blaft da ke birnin Chennai a kudancin Indiya ya buga fassarar "Alhaki Kuykuyo Ne" da Farfesa Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi. Lamarin ya ja hankali, domin Indiyar da Hausawa suka shafe shekaru suna kallon fina-finanta ita ce ta fara kai wannan labari ga masu karatu a waje.

Harkar fim

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama a Kano da "Turmin Danya" na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, marubuta da dama kuma suka shiga harkar. A 1998 Abdulkarim Muhammad ya mayar da "Alhaki Kuykuyo Ne" fim. Ita ma Balaraba ta shiga rubuta labarin fim da shirya shi da kanta. Aikinta da ya fi fice shi ne "Juyin Sarauta" na 2017, fim ɗin tarihi kan rikicin gadon mulki a wata masarauta, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Ado Gidan Dabino kuma ya fito a cikinsa. An yaba wa fim ɗin kan kula da sutura da lafazin fada, ya kuma samu kyaututtuka.

Suka da muhawara

Littattafan wannan zamani sun sha suka daga masu ganin suna ɓata tarbiyyar 'yan mata. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a Kano. Manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Novian Whitsitt sun yi nazarin ayyukanta. Whitsitt ya nuna cewa hujjojinta daga cikin Musulunci take ɗauko su: haƙƙin ciyarwa, adalci tsakanin mata, da wajabcin neman ilimi a kan mace da namiji.

Matsalolin da ta rubuta a kansu a 1990, wato cire yarinya daga makaranta da sakin mace da 'ya'ya ba tare da kulawa ba, har yanzu suna gaban kotuna da hukumomin Hisba a jihohin Arewa. Wannan ne ya sa ake ci gaba da nazarin littattafanta a sassan Hausa na jami'o'i.