copy_from_user

copy_from_user (suna, namiji; fannin kwamfuta). Umarni a cibiyar Linux, wato kanel, wanda direban na'ura ke kira don ya kwaso bayanai daga ma'adanar manhajar mai amfani zuwa tasa ma'adanar. A fayil ɗin linux/uaccess.h ake samunsa. Abu 3 ake ba shi: inda za a zuba, inda za a ɗebo, da yawan bayit.

Dalilinsa shi ne adireshin da manhaja ta miƙo ba abin yarda ba ne. Yana iya zama na bogi, ko shafinsa ba ya cikin ma'adana a lokacin, ko kuma da gangan aka auna shi cikin kayan kanel don a yi ɓarna. Saboda haka umarnin kan fara tabbatar da cewa adireshin na yankin mai amfani ne, in kuma kwafin ya ci tura a hanya sai ya tsaya ba tare da kanel ya faɗi ba.

A nan sababbin hannu ke tuntuɓe: abin da yake dawowa da shi adadin bayit ɗin da suka ƙi kwafuwa ne, don haka 0 shi ne nasara. In ba 0 ba ne, direba ya mayar da lambar kuskure -EFAULT. Yana iya yin jiran shafi, shi ya sa ba a kiransa ana riƙe da makullin spinlock. Kuma ba a dogara da shi wajen auna girman wurin zubawa. Wannan aikin mai rubuta direba ne.

Misali: “Kada ka sa memcpy a nan, copy_from_user ake sawa.”

Kishiyarsa: copy_to_user. Duba kuma get_user.