Shokazoba

Kalmar ta shigo Hausa ne tare da mota, a zamanin mulkin Turawan Ingila. Asalinta shock absorber, wato abin da ke shanye jijjiga. Baturen Ingila ba ya furta "r" ta ƙarshen kalma, shi ya sa muka sami direba da mota da bamba, kuma ta nan "zoba" ta fito. Haɗuwar "b" da "z" a tsakiya ta yi wa harshe nauyi, sai aka yar da "b". Wasu kan ce shakazoba. Da an ƙetara Illela zuwa Birnin Ƙonni kuwa, kalmar Faransanci, amortisseur, ake ji a bakin makanikai.

Mutane da yawa sun ɗauka shokazoba ce ke ɗaukar nauyin mota. Wannan aikin sifirin ne. Shokazoba bututu ce mai mai a ciki. Man na bi ta ƙananan kafofi a hankali, ya hana sifirin yawan tsalle, taya ta zauna a ƙasa.

Direban da ke loda buhunan gero daga Mandera ya hau titin Boɗinga zuwa Shagari ba ya buƙatar na'ura kafin ya gane shokazoba ta mutu. Ya danna kusurwar motar da ƙarfi ya saki. In ta yi ta lilo, ko ya ga mai na tsiyaya a jikin shokazobar, lokacin canji ya yi. Abin da ke damuna shi ne masu canza guda ɗaya don tsimi. Dama da hagu ake canzawa tare, in ba haka ba motar kan karkata a kwana, birki ma ya rage kamu.