Tarihin Aikin Gwaiwa: Daga Ɗinkin Bassini Zuwa Huji Uku

Gwaiwa, wadda wasu ke kira ƙaba, tana samuwa ne idan bangon ciki ya yi rauni a gindin mara, hanji ya sami kafa ya leƙo. Idan kafar ta shaƙe hanjin, rai na iya salwanta. Wani lokaci kuwa takan fito wa mutum dama da hagu, kuma wannan shi ne ya daɗe yana ba likitoci wuya.

A 1887 Edoardo Bassini na birnin Padua a Italiya ya bayyana hanyarsa ta yanka wurin a ɗinke tsokoki su toshe kafar. Aikin ya yi kyau, sai dai ɗinkin yakan ɗaure tamau. Idan an ja dama, an kuma ja hagu, zaren na iya yaga nama ciwo ya dawo. Saboda haka likitoci da yawa sukan raba aikin gida biyu, watau majinyaci ya sha wuƙa sau biyu.

A 1958 Francis Usher na Amurka ya fara faci da raga ta roba. Daga baya René Stoppa na birnin Amiens a Faransa ya ɗauki dabarar ya faɗaɗa ta: ya shimfiɗa babbar raga guda a bayan tsokoki, ta rufe kafofin biyu gaba ɗaya. Nauyin cikin da ke turo hanji, shi ne kuma ke danne ragar. Amma sai an yi doguwar yanka.

Da ƙaramar kyamarar leƙa ciki ta samu, sai aka bi sawun Stoppa ta ƙaramar ƙofa. A 1992 Maurice Arregui ya bayyana hanyar shiga kogon ciki a ɗaga tantaninsa a sa raga. A 1993 McKernan da Laws suka bayyana ta bin tsakanin tsoka da tantani, ba tare da shiga kogon ba. A duka biyun huji uku ake yi, a hura iska wuri ya buɗe, a gyara dama da hagu a zama ɗaya. Ka'idojin likitocin gwaiwa na duniya na 2018 sun fifita wannan hanya ga mai ciwo a ɓangarori biyu.

To, amma kada mai karatu ya ɗauka na'ura ce gwanar. Binciken asibitocin tsofaffin sojojin Amurka na 2004 ya nuna ciwon ya dawo wa kashi 10 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa huji, da kashi 5 na waɗanda aka yanka. A hannun likitocin da suka yi aikin fiye da sau 250 kuwa, bambancin ya kusa ɓacewa. Ashe abin da majinyaci zai fara tambaya shi ne: sau nawa likitansa ya taɓa yin wannan aiki?