Jirgin Lusitaniya da yadda Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya

Ranar Juma'a 7 ga watan Mayu na 1915, da misalin ƙarfe biyu da minti goma na rana, wani jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbi babban jirgin fasinja na Ingila mai suna Lusitaniya, kamar kilomita 20 daga gaɓar kudancin Ailan. Cikin minti 18 jirgin ya nutse. Mutum kusan 1,200 suka mutu, 128 daga cikinsu Amurkawa. Sau da yawa za ku ji ana cewa wannan ne ya sa Amurka ta shiga yaƙin. Maganar ba ta cika ba. Amurka ba ta ɗauki makami ba sai ranar 6 ga Afrilu 1917, wato bayan wata 23. A cikin waɗannan watanni ne ƙasar da ta rantse ba ruwanta ta yi ta matsawa taki ɗaya ɗaya har ta tsinci kanta a fagen daga.

Yaƙin ya ɓarke a Turai cikin watan Agusta 1914. Faransa da Ingila da Rasha suna gefe guda, Jamus da Austiriya suna ɗaya gefen, daga baya Daular Usmaniyya ta bi bayansu. Shi ne yaƙin da Faransa ta ɗibi samari daga ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma ta kai su ramukan daga. Shugaban Amurka na lokacin, Woodrow Wilson, ya ce ƙasarsa ƴar ba-ruwanmu ce. Yana da dalili: miliyoyin Amurkawa asalinsu Jamus ne, wasu kuma ƴan Ailan ne da ba sa ga maciji da Ingila. Faɗan Turai in ya shigo, gidan ne zai rabu biyu.

Sai dai wannan ɗan ba-ruwanmu yana da rumfa a kasuwa. Amurka na sayar da alkama, auduga, dawaki, ƙarfe da harsashi ga duk wanda zai iya zuwa ya ɗauka. To, sojan ruwan Ingila sun fi na kowa ƙarfi, sun kuwa toshe hanyoyin teku zuwa Jamus, har abinci suka hana shiga. Kenan ciniki ya koma gefe guda. A watan Oktoba 1915 bankunan Amurka, bisa jagorancin gidan J.P. Morgan, suka ranta ma Ingila da Faransa dala miliyan 500 a karo guda. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Kafin Afrilu 1917 bashin ya haura dala miliyar biyu, alhali abin da aka ranta ma Jamus bai taka kara ya karya ba. Ko labari ma ta Landan yake biyowa, don tun farkon yaƙin Ingila ta yanke wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa Jamus da Amurka.

Dokar teku da sabon makami

Tun kafin yaƙin akwai ƙa'idar da ƙasashe suka saba bi. In jirgin yaƙi ya haɗu da jirgin ƴan kasuwa, sai ya tsayar da shi, ya duba kaya, ya ba mutanen ciki lokaci su sauka cikin kwalekwalen ceto, sannan ya nutsar da jirgin ko ya kama shi. An yi wannan ƙa'ida ne don manyan jirage masu igwa. Jirgin nutso kuwa ƙarami ne, jikinsa ba kauri, ƙarfinsa duka a ɓuya yake. In ya taso sama don ya yi gargaɗi, harbin igwa ɗaya ko karo ɗaya ya isa ya hallaka shi. Kuma Ingila ta umarci jiragenta na kasuwa su riƙa banke jirgin nutso in sun gan shi, su kuma ɗaga tutar wata ƙasa don ɓad da kama. Ita kanta Lusitaniya ta taɓa ɗaga tutar Amurka a watan Fabrairu 1915.

Ranar 4 ga Fabrairu 1915 Jamus ta sanar cewa duk ruwan da ya kewaye Ingila da Ailan ya zama fagen yaƙi daga ranar 18 ga wata. Hujjarta: kun hana mu abinci, mu ma za mu hana ku. Wilson ya aika da takarda cewa in aka taɓa jirgi ko ran Ba'amurke, Jamus za ta amsa tambaya sosai. Ita Ingila ma ya yi mata ƙorafi kan toshe hanya, amma da murya mai laushi, don a ganinsa kayan da aka ƙwace ana iya biya, rai kuwa ba a biyansa.

Ba'amurke na farko da ya mutu a wannan hanya, Afirka ta Yamma ya nufa. Ranar 28 ga Maris 1915 aka nutsar da Falaba, jirgin kamfanin Elder Dempster da ya taso daga Liverpool zai je Saliyo. An yi mashi gargaɗi, amma aka harbe shi kafin mutane su gama sauka. Mutum 104 suka mutu, har da wani injiniya Ba'amurke, Leon Thrasher, da zai koma aikin haƙar ma'adinai a Gwalkwas, wato Gana ta yau.

Minti 18

Lusitaniya ta kamfanin Cunard ce, tsawonta kamar mita 240, tana cikin jiragen da suka fi gudu a duniya. Ranar 1 ga Mayu, ranar da za ta tashi daga New York, jaridu suka buga sanarwar ofishin jakadancin Jamus mai gargaɗin matafiya cewa duk wanda ya shiga jirgin Ingila ya ratsa fagen yaƙi, ya kuka da kansa. A wasu jaridun sanarwar tana dab da tallar jirgin. Kaɗan ne suka fasa tafiya. Mutane sun ɗauka babu jirgin nutson da zai iya cim ma ta. Abin da da yawa ba su sani ba, an kashe ɗaya daga cikin ɗakunan tukwanenta huɗu don tsimin gawayi, gudunta ya ragu. Da ta iso kusa da Ailan kuma, kaftin William Turner ya ƙara rage gudu saboda hazo.

Jirgin nutso mai lamba U-20, wanda Walther Schwieger ke jagoranta, makami ɗaya tak ya harba, irin nakiyar nan mai gudu cikin ruwa da ake kira torpido. Bayan ƴan daƙiƙoƙi sai aka ji wata fashewa ta biyu da ta fi ta farko. Jirgin ya kwanta a gefen dama. Kwalekwalen ceto na wannan gefe suka yi nesa da hannu, na ɗaya gefen kuma suka riƙa dukan jikin jirgi suna zubar da mutane. Cikin 48, shida kawai aka iya saukarwa lafiya. Mutum kusan 1,960 ne a ciki. Ruwan sanyi ne ya kashe da yawa kafin jiragen masunta da na ceto su iso daga garin Queenstown, inda aka binne gawarwaki a kaburburan bai ɗaya. Akwai yara da jarirai masu yawa cikin mamatan, akwai kuma attajiri Alfred Vanderbilt.

Jamus ta ce jirgin na ɗauke da kayan yaƙi. A nan gaskiya ta faɗa: akwai akwati 4,200 na harsashin bindiga, kamar harsashi miliyan huɗu, da kwankunan harsashin igwa. Ta kuma ce an ɗora ma jirgin igwa, wannan kam ba haka ba ne. Fashewa ta biyu har yau ana gardama a kanta: wasu sun ce harsashin ne, wasu ƙurar gawayi, wasu tururin tukwane. Amma ko da kayan yaƙin, ƙa'idar lokacin ba ta yarda a nutsar da jirgi cike da mata da yara ba tare da gargaɗi ba.

A Liverpool da Landan jama'a suka farfasa shagunan Jamusawa. A Amurka tsohon shugaba Theodore Roosevelt ya kira abin fashin teku. Amma akasarin mutane fushi suka yi, ba yaƙi suka nema ba. Wilson ya zaɓi takarda: uku ya aika ma Barlin, a Mayu da Yuni da Yuli. Ta biyun ce ta sa ministan harkokin wajensa, William Jennings Bryan, ya ajiye aiki. Shi Bryan cewa ya yi a hana Amurkawa shiga jiragen ƙasashen da ke yaƙi, a daina haɗa fasinja da harsashi, a kuma tsawata ma Ingila kamar yadda ake tsawata ma Jamus. Wilson ya ƙi. A wurinsa Ba'amurke na da haƙƙin tafiya cikin duk jirgin da ya ga dama. A ganina nan ne aka ɗaure akuya: daga wannan rana, zaman lafiyar Amurka ya rataya a hannun duk wani matashin kaftin ɗin Jamus da ke leƙen teku ta madubi.

Alkawari biyu

Ranar 19 ga Agusta 1915 aka nutsar da wani jirgin fasinja, Arabic, mutum 44 suka mutu, har da Amurkawa. Jakadan Jamus a Washinton, Bernstorff, ya yi alkawari cewa ba za a sake harbin jirgin fasinja ba tare da gargaɗi ba. Ranar 24 ga Maris 1916 kuma aka harbi Sussex, jirgin fito na Faransa da ke tsallakawa daga Ingila zuwa Dieppe. Bai nutse ba, amma mutane da dama sun mutu, wasu Amurkawa sun ji rauni. Wannan karon Wilson ya ce in aka ci gaba zai yanke hulɗa. Ranar 4 ga Mayu Jamus ta sake alkawari, ta faɗaɗa shi har ga jiragen kaya, sai dai ta saka sharaɗi: in Amurka ba ta sa Ingila ta sassauta ba, ita ma hannunta a sake yake. Wilson ya karɓi alkawarin ya yi watsi da sharaɗin. A Nuwamba 1916 ya sake cin zaɓe da ƙyar, jam'iyyarsa na yi mashi kirarin wanda ya hana mu shiga yaƙi.

A Jamus kuwa yunwa ta yi tsanani. Dankali ya lalace a 1916, mutane suka koma cin wani saiwar da a da dabbobi ake ba. Shugaban hafsoshin sojan ruwa, Holtzendorff, ya kawo lissafi: in ana nutsar da tan 600,000 na jirage kowane wata, cikin wata biyar Ingila za ta durƙusa. Ranar 9 ga Janairu 1917, a garin Pless, Sarki Wilhelm na Biyu ya amince, da goyon bayan Hindenburg da Ludendorff, duk da cewa shugaban gwamnati Bethmann Hollweg bai so ba. Ba wai ba su san Amurka za ta shigo ba. Sun sani sarai. Caca suka yi cewa kafin ta tara soja ta horar da su ta tsallako da su, an riga an tashi kasuwa.

Daga 1 ga Fabrairu aka fara harbin kowane jirgi, ko na wace ƙasa ne. Ranar 3 ga wata Wilson ya sallami jakadan Jamus, amma har lokacin bai nemi yaƙi ba. Don ku gane lokacin, a waɗannan makonni ne Kawsan ya yi ma barikin Faransawa na Agadas ƙawanya.

Sai ga maganar wayar Zimmermann. Ministan harkokin wajen Jamus, Arthur Zimmermann, ya aika ma jakadansu na Meziko saƙon asiri: in Amurka ta shiga yaƙi, Meziko ta haɗa kai da Jamus, a taimake ta ta ƙwato Texas da New Mexico da Arizona, yankunan da suka suɓuce mata a ƙarni na 19. Abin mamaki, ta layin wayar jakadancin Amurka ma aka bi da saƙon, layin da aka ara ma Jamus don maganar sulhu. Masu warware asiri na sojan ruwan Ingila suka karanta shi, suka miƙa ma Amurka. Ranar 1 ga Maris jaridu suka buga. Wasu suka ce ƙiren ƙarya ce ta Ingila, sai ga Zimmermann da bakinsa ranar 3 ga wata ya ce shi ya aika. Meziko ba ta karɓi tayin ba, amma mutanen yamma da kudancin Amurka, da a da suke ganin faɗan teku na ƴan New York ne, yanzu sun ji shi a ƙofar gida.

Tsakanin 16 da 18 ga Maris aka nutsar da jiragen kaya uku masu tutar Amurka: Vigilancia, City of Memphis da Illinois. A makon ne kuma sarkin Rasha ya sauka daga mulki, abin da ya sauƙaƙa ma Wilson cewa yaƙin na kare mulkin jama'a ne. Ranar 2 ga Afrilu ya je majalisa. Dattawa suka amince da ƙuri'a 82, shida suka ƙi. A majalisar wakilai 373 suka amince, 50 suka ƙi, ciki har da Jeannette Rankin, mace ta farko da aka taɓa zaɓa a majalisar, wadda ba ta fi kwana huɗu da kama kujera ba.

Lissafin Holtzendorff ya kusa cika. A watan Afrilu 1917 kaɗai an nutsar da fiye da tan 800,000. Abin da ya ɓata shi dabara ce da duk wani madugu ya sani: a daina tafiya ɗaya ɗaya, a yi ayari. Daga tsakiyar 1917 jiragen kaya suka fara tafiya a tare, jiragen yaƙi na rakiya, asara ta ragu ƙwarai. Kafin a tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918, sojan Amurka kusan miliyan biyu sun sauka a Faransa. Fiye da 116,000 daga sojanta suka mutu, sama da rabi cuta ce ta kashe su, musamman murar nan ta 1918.

Schwieger bai ga ƙarshen yaƙin ba, ya mutu tare da mutanensa cikin wani jirgin nutso a watan Satumba 1917. Lusitaniya kuwa tana nan kwance a zurfin mita kamar 90. A 2008 masu nutso da suka shiga cikinta sun fito da harsasan bindiga daga ɗakin kaya.