Maikrobayom na hanji da garkuwar jiki

Maikrobayom na hanji shi ne tarin ƙananan halittun da ido ba ya iya gani waɗanda ke rayuwa a cikin hanjin ɗan Adam, tare da ƙwayoyin gadonsu da sinadaran da suke samarwa. Mafi yawansu bakteriya ne, amma akwai bairos da fungai da wani rukuni da ake kira arkiya. Ana samun irin waɗannan halittu a fata da baki da hanci, sai dai babban hanji ne ya fi ko'ina tara su. A shekarar 2016 masana daga Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun ƙiyasta cewa jikin namiji mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin jikinsa na kansa kusan tiriliyan 30 ne. Waɗannan halittu suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna kuma horar da garkuwar jiki ta san abin da za ta yaƙa da abin da za ta ƙyale. Idan wannan daidaito ya lalace, akan samu cututtuka a hanji da ma wajensa.

Tarihi

A shekarar 1683 Antonie van Leeuwenhoek, ɗan ƙasar Holan, ya bayyana ƙananan halittun da ya gani da madubinsa a cikin dattin haƙoransa. A farkon ƙarni na 20 Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur da ke Paris, wanda ya sami kyautar Nobel a 1908 saboda aikinsa kan garkuwar jiki, ya yi hasashen cewa nono mai tsami da manoman Bulgeriya ke sha yana gyara bakteriyar hanji. Binciken ya daɗe yana tafiyar hawainiya, domin yawancin bakteriyar hanji suna mutuwa idan iskar oksijin ta taɓa su, don haka renon su a ɗakin gwaji yana da wuya. Hanyar karanta ƙwayoyin gado ce ta sauya lamarin. A 2007 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ƙaddamar da babban shirin nazarin maikrobayom na ɗan Adam, a 2010 kuma wani shiri na Turai mai suna MetaHIT ya lissafa ƙwayoyin gado miliyan 3.3 daga hanjin mutum 124.

Yadda yake kafuwa

Jariri yana samun bakteriyarsa ta farko a lokacin haihuwa. Wanda aka haifa ta hanyar da aka saba yakan ɗauki na mahaifiyarsa, wanda aka ciro ta tiyata kuma yakan fara da na fata da na muhallin asibiti. Nonon uwa yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya iya narkarwa, amma su ne abincin bakteriyar Bifidobacterium, wadda ke mamaye hanjin jariri mai shan nono. Zuwa shekara uku, maikrobayom na yaro yakan yi kama da na babba.

Daga nan abinci ne ke da babban tasiri. Wani bincike na 2010 ya kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Florence a Italiya. Yaran ƙauyen, waɗanda abincinsu gero ne da dawa da wake da ganye, suna da bakteriyar Prevotella mai narkar da dusar hatsi da yawa, kuma nau'o'in bakteriyarsu sun fi na yaran Italiya yawa.

Hulɗa da garkuwar jiki

Abin da ya raba bakteriyar hanji da jini shi ne bango mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak. Jiki yana kare wannan bango da yauƙi mai kauri, da sinadarai masu kashe bakteriya, da kuma wani furotin na garkuwa mai suna IgA wanda hanji ke fitar da giram uku zuwa biyar nasa kullum. A bayan bangon akwai tarin fararen ƙwayoyin jini masu lura da duk abin da ya ƙetare.

An fahimci muhimmancin bakteriyar ne daga ɓerayen da ake reno a cikin killataccen wuri ba tare da kowace ƙwayar bakteriya ba. Garkuwar irin waɗannan ɓeraye ba ta cika girma, IgA ɗinsu kaɗan ne, kuma cuta tana saurin kama su. Gwaje-gwaje sun nuna cewa kowane nau'in bakteriya da irin aikinsa:

A 2005 an gano cewa wani sukari da ke jikin Bacteroides fragilis yana gyara ƙarancin ƙwayoyin T a cikin waɗannan ɓeraye.

A 2009 an nuna cewa wata bakteriya mai kama da zare da ke manne wa bangon hanji tana sa a samar da ƙwayoyin Th17, masu yaƙar bakteriya da fungai.

A 2011 masana a Japan sun nuna cewa wasu nau'o'in Clostridium suna ƙara ƙwayoyin T masu kwantar da kumburi.

Idan bakteriya suka narkar da dusar abinci, suna samar da sinadarin butiret. Shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon babban hanji, yana kuma taimakawa wajen samar da ƙwayoyin T masu kwantar da kumburi. Bayan haka, bakteriyar da ke zaune lafiya suna cinye abinci da gurbin da masu jawo cuta za su buƙata.

Cututtuka

Gudawar Clostridioides difficile ita ce misali mafi ƙarfi. Idan mutum ya sha maganin kashe bakteriya, maganin yana kashe masu amfani tare da masu cutarwa. Wannan yana ba C. difficile damar yaɗuwa ta fitar da guba mai kumbura babban hanji. A Amurka an ƙiyasta cewa a 2011 cutar ta kama mutum kusan 453,000, kimanin 29,000 kuma suka mutu.

A cututtukan kumburin hanji masu daɗewa, irin su cutar Crohn, garkuwar jiki tana afka wa bakteriyar da ya kamata ta ƙyale. A 2001 an danganta cutar da sauyi a ƙwayar gado ta NOD2, wadda aikinta gane sassan bakteriya ne. Masu cutar sukan rasa Faecalibacterium prausnitzii, wadda ke cikin masu samar da butiret.

Game da asma da borin jini, a 1989 David Strachan na Birtaniya ya lura cewa yaran da ke da yayye da yawa ba su cika samun borin hanci ba. Daga baya bincike a Turai ya nuna cewa yaran da suka tashi a gonaki kusa da dabbobi ba su cika kamuwa da asma ba.

Tamowa ma tana da alaƙa da hanji. A 2013 an wallafa binciken da ya bibiyi tagwaye 317 a Malawi. Da aka sa bakteriyar yaran da ke da kwashiyoko a cikin ɓeraye marasa bakteriya, aka ciyar da su irin abincin yankin, sai ɓerayen suka rame sosai. Wannan ya nuna cewa ƙarancin abinci da lalacewar maikrobayom suna haɗuwa wajen jawo cutar.

A fannin ciwon daji, wani bincike na Faransa a 2018 ya gano cewa magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ba su yi aiki sosai ba a jikin marasa lafiyar da suka sha maganin kashe bakteriya dab da fara jinya. Waɗanda maganin ya yi wa aiki sun fi samun bakteriyar Akkermansia muciniphila.

Hanyoyin magani

Dashen bayan gida shi ne a ɗauki bakteriya daga bayan gidan mutum mai lafiya da aka tantance a sa a hanjin mara lafiya. Likitoci a Denver sun gwada shi a 1958. A gwajin da aka yi a Holan a 2013, mutum 15 cikin 16 masu gudawar C. difficile mai dawowa sun warke da dashen, alhali 4 cikin 13 ne suka warke da maganin bankomaisin kaɗai. Hanyar tana da haɗari: a 2019 wani mara lafiya ya mutu a Amurka bayan an dasa masa bakteriya mai jure magani. A 2022 da 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Rebyota da Vowst domin wannan cuta.

A Bangaladesh an haɗa wani abinci daga waken chikpi da waken suya da gyaɗa da ɗanyar ayaba domin gyara bakteriyar yara masu tamowa. Sakamakon 2021 ya nuna yaran da suka ci shi sun fi ƙara nauyi bisa waɗanda suka ci abincin tamowa da aka saba bayarwa.

Maganin kashe bakteriya kuwa yana da amfani da illa. A gwajin MORDOR da aka wallafa a 2018, raba wa ƙananan yara azitromaisin sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kashi 13.5 cikin ɗari a Malawi da Nijar da Tanzaniya, a Nijar kaɗai kuma da kashi 18.1. Amma gwajin bayan gidan yaran a Nijar ya nuna ƙaruwar bakteriya masu jure irin wannan magani.

Iyakokin bincike

Samun sauyin bakteriya a jikin mara lafiya ba ya tabbatar da cewa sauyin ne ya jawo cutar, domin cutar kanta ko maganinta ko sauyin abinci na iya kawo shi. Yawancin hujjojin da ke nuna sanadi daga ɓeraye suka fito. Haka kuma masu lafiya sun bambanta ƙwarai a nau'o'in bakteriyarsu, shi ya sa babu ma'auni ɗaya na maikrobayom mai lafiya. Wani nazari na 2022 ya gano cewa fiye da kashi 71 cikin ɗari na samfuran da aka adana a rumbunan bayanai sun fito ne daga Turai da Amurka da Kanada, don haka sakamakonsu ba lallai ya dace da mutanen Afirka da Asiya ba.